Gwaggo da Shigar Liyafar Jirgin Nilu

Gwaggon maigidana ta zo Alƙahira ne saboda idonta. Yanar ido ce ta rufe mata su duka biyun, har ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana. A ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin Malam yana karatun shari'a, muna zaune a wata 'yar shaƙƙa, wato sashen haya mai ɗaki biyu, a unguwar Darrasa, a saman shagon wani mai ɗinkin littattafai. Ni kuwa ban daɗe da zuwa ba, Larabcina bai wuce na sayen tumatir da gaida maƙwabta ba.

Kafin ta zo na sha jin labarinta. Ƙanwar mahaifin Malam ce, ta yi shekaru tana shugabantar wata makarantar 'yan mata a Katsina har ta yi ritaya, mijinta ya rasu, ɗanta guda yana aiki a Legas. An ce mini ba ta faɗa, amma idan ta kalli ɗankwalin yarinya sau ɗaya, yarinyar da kanta za ta koma ta sake ɗauri. Don haka na share gidan nan har bayan kabad, na manta cewa matar da nake jira ba ta gani.

Da aka yi mata aiki aka cire bandeji, ni ce a tsaye a gefen gado. Ta ƙifta ido, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ashe zanen nan kore ne. Tun da na zo nake jin ƙarar sitacinsa, na ɗauka shuɗi ne."

Daga ranar ba ta ƙara zama ba. Likita ya ba ta tabarau mai kauri ya ce ta guji ƙura, ita kuwa kullum da hantsi sai ta ce in ɗauko mayafi mu fita. Ta tsaya gaban mai lemo ta yi ta kallon yadda ya jera shi. Ta tsaya gaban masu ɗinkin rumfa, waɗanda suke manna ƙyalle ja da kore a kan farin yadi, sai na ja hannunta kafin ta motsa. Wata rana da yamma muka hau bas mu uku, muka sauka kusa da gada don ta ga Nilu. Muna tsaye sai ga wani farin jirgi mai bene yana wucewa a hankali, mutane a samansa zaune a kujeru ƙarƙashin rumfa.

"Wannan ina za shi?" in ji ta.

Malam ya ce kudu za shi, yana kwanaki a ruwa yana tsayawa a garuruwa, kuma na 'yan yawon buɗe ido ne.

"To ni me aka yi mini a asibiti in ba buɗe ido ba?"

Malam ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ba wasa ba ne. Ta sa aka kira ɗanta ta wayar gidan waya, ya ce a yi mata duk abin da take so, kuma lallai mu raka ta. Hutun tsakiyar shekara ya zo daidai, Malam ya rasa hanzari. Ya kawo zancen giya da rawa, ta ce ai a titin da muka bi ma akwai su, kuma ba wanda ya ɗura masa. Washegari ya tafi wani ofishin tafiye-tafiye a Wustul Balad, tsakiyar birnin, ya dawo da tikiti da fuska a murtuke.

Ya ce ma'aikacin ofishin ya gaya masa akwai maraice biyu na musamman a tafiyar. Na farko liyafar kyaftin ce, ranar tashi, kuma shigar dole ta zama rasmi, wato ta alfarma. Na biyu kuma shi suke kira daren jallabiya, inda fasinjoji suke sa kayan mutanen ƙasar don nishaɗi.

"Mene ne rasmi a wurinsu?" Gwaggo ta tambaya.

"Bai ce ba. Ya dai kalli rigata daga sama har ƙasa, ya sake cewa rasmi."

Abin ya dami Malam fiye da yadda na zata. Shi mutum ne da bai son a nuna shi da yatsa. Yana da babbar riga fara guda ɗaya, ta shadda, wadda mahaifinsa ya ba shi ranar da zai taho, amma tun da ya zo bai sa ta ba sai ran Salla, shi ma cikin 'yan'uwa. Tsoronsa shi ne a tsayar da shi a ƙofar ɗakin cin abinci a gaban jama'a, a ce wannan ba kayan liyafa ba ne.

Yana da wani aboki ɗan Maraɗi, ɗalibi ne shi ma amma yana ɗan taɓa kasuwanci, ya iya Faransanci, ya kuma taɓa zama a manyan otal-otal. Shi aka kira. Ya zo ya sha shayi, ya ce maganar ba ta da wuya. Namiji kwat da wando baƙi, farar riga, da karabat, wannan ƙyallen da ake shaƙe wuya da shi. Mace kuma doguwar riga har ƙasa. Khalas. Ya ce zai ara wa Malam nasa, kuma da yammar ya aiko da su a cikin leda.

Ni dai, in faɗi gaskiya, raina ya kwanta da zancen doguwar rigar. Akwai wata da na daɗe ina gani a tagar wani kanti a Wustul Balad, ruwan zuma, mai dogon hannu da ƙananan duwatsu a wuya. Duk lokacin da muka bi ta titin sai na rage tafiya. Yanzu ga dalili ya samu.

Gwaggo ta saurari kowa. Da safe ta ce a kai ta ofishin.

Ma'aikacin wani siriri ne mai gashin baki, yana ta "ya Hagga, ya Hagga" wato Hajiya, yana jawo mata kujera. Ta yi masa Turanci, irin na malaman da, kowace kalma a tsaye. Ba ta tambaye shi ko za a yarda da babbar riga ba. Ta tambaye shi su wa za su shiga jirgin. Ya ce yawanci Turawa ne, tsofaffi, da 'yan Misira kaɗan. Ta tambaye shi ko mutum shi yake zaɓar teburinsa. Ya ce a'a, su suke haɗa mutane, kuma da wanda aka haɗa ka da shi za ka yi ta ci har a sauka. Ta tambayi ko akwai matakala tsakanin ɗakin kwana da wurin cin abinci, ko akwai iska a saman jirgin bayan magariba, ko shi kyaftin ɗin me yake sawa. Ya ce fararen kayan aikinsa, na ranar biki. A ƙarshe ta ce, "Idan shugaban ƙasarmu ya zo liyafa a nan cikin babbar riga, rasmi ne ko ba rasmi ba?"

Mutumin ya ɗaga hannu biyu. "Rasmi, ya Hagga. Tamam."

Da muka fito ta ce wa Malam, "Ka ji. Amma kwat ɗin ma ka sa shi a akwati. Ba ya cin abinci."

Daga nan ta juya gare ni. "Ke kuma ɗiyata, nuna mini rigar da kike ta waiwaye."

Kunya ta kama ni, don ban san ta lura ba. Muka shiga kantin, aka ciro rigar, na shiga bayan labule na sa. Da na fito gaban madubi sai na ja na tsaya. Ban taɓa ganin kaina haka ba, kamar wata ce daban, doguwa, mai wuya. Gwaggo ta gyara tabarau ta zagaya ni.

"Ta yi kyau," ta ce. "Ba ƙarya, ta yi miki kyau ƙwarai. Zauna a kujerar can."

Na zauna. Rigar ta ja ni a ƙugu.

"Tashi. Miƙa hannu kamar za ki ba ni gishiri. Yanzu ɗaga ƙafa kamar za ki hau mataki."

Na yi duka. A wajen miƙa hannun na ji ɗinkin hammata yana kuka, a wajen ɗaga ƙafa kuwa sai da na tattare ƙasan da hannu biyu. Ta ce in ina so a saya, ita ba ta da ja, amma in tuna zan yi maraice guda cikinta ina ci ina gaisawa da mutane, kuma hankalina ko dai ya kasance a kan mutanen ko a kan rigar. Na tsaya ina kallon madubin har mai kantin ya fara gyaran murya. Sannan na koma bayan labule na tuɓe. Ban ji daɗi ba a lokacin. A bas ɗin komawa gida ba ta lallashe ni ba, sai dai da muka sauka ta saya mini gasasshen dankali.

Ana gobe tafiya aka kai babbar rigar wurin mai gugan unguwarmu. Wani dattijo ne da yake guga da wani ƙaton ƙarfe wanda yake turawa da ƙafa, yana guntsar ruwa yana fesa wa kaya da baki. Da ya buɗe rigar ta cika masa tebur har tana zuba ƙasa, sai ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga aikin wuyan. Ya ce mutum nawa ne za su shiga ciki. Gwaggo ta tsaya a kansa har ya gama, ta nuna masa yadda ake naɗe ta don kada aikin ya karye.

Mun shiga jirgin da rana tsaka. Ɗakunan ƙanana ne amma tsaf, da 'yar taga da ruwa yake wucewa dab da ita. Ni da Gwaggo aka ba mu ɗaki ɗaya, Malam yana na kusa da mu. Tana shiga ta buɗe akwati ta shimfiɗa kayan da za ta sa a kan gado: wani leshi mai nauyi ruwan ƙwai, riga da zane da gyale, da sarƙar zinariya mai faɗi, da awarwaro shida. Kayan da ta sa ranar bikin ɗanta ne. Ni kuma ta zaɓa mini atamfata mai ganye, da sarƙoƙi biyu nata da ta ara mini. Sannan ta ce mu hau sama mu ga mutane.

A saman jirgin ta samu kujera a inuwa ta zauna. Gine-ginen Alƙahira suna ta ja da baya, hasumiyoyin masallatai, da hayaƙin wata masana'anta, sai kuma gonaki da dabino suka fara. Turawan suna ta ɗaukar hoto. Ita mutanen take kallo. Can gefe, kusa da ƙarfen da ya kewaye jirgin, akwai wasu matasa biyu 'yan Misira a tsaye, ba sa magana da kowa, ba sa ma cika yi wa juna. Yarinyar tana da lalle a tafin hannu, tana yawan juya zoben da ke yatsarta.

"Amarya ce," in ji Gwaggo. "Je ki gaishe ta."

Da guntun Larabcina na gano daga unguwar Shubra suke, satin nan aka yi bikinsu, mijin malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma wani kawunta ne ya ba su tafiyar kyauta. Ita ma ba ta taɓa shiga irin wannan wuri ba. Na kawo ta wurin Gwaggo, ta sunkuya ta sumbaci hannunta. Hira ta kai mu ga liyafar, sai yarinyar ta ce in zo in ga rigarta, don tana tsoron kada ta zama ba ta kai ba. Muka sauka mu uku zuwa ɗakinsu. Rigar tana rataye a bayan ƙofa, shuɗiya mai haske, ba duwatsu ba komai, sai 'yar tattara a hannu. Mahaifiyarta ce ta ɗinka mata a keken gida. Gwaggo ta juya ta ciki waje ta duba ɗinkin, ta ce in gaya mata wanda ya yi wannan ya san aikinsa. Yarinyar ta yi murmushi har kunne. A hanyar fita wani ma'aikacin jirgin ya gaya mana ai tebur ɗaya aka ba mu da su.

Muna komawa ɗaki Gwaggo ta tsaya a kan leshin nan na ɗan lokaci. Ta shafa shi. Sannan ta fara naɗewa.

"Gwaggo, lafiya?"

"Lafiya lau. Miƙo mini shaddar nan baƙa-baƙa da ke ƙasan akwati."

"Amma ai don wannan daren kika ɗauko shi tun daga Darrasa."

"Na ɗauko shi ban san da wa zan zauna ba. Yanzu na sani. Akwai amarya a teburinmu. In na sa wannan na zauna kusa da ita, duk wanda ya waiwayo ni zai gani, tsohuwa. Ni na yi nawa bikin tun ba a haife ta ba." Ta mayar da awarwaron cikin ƙyallensu, ta bar 'yan kunne kawai. "Ke ma cire sarƙa ɗaya. Bar siririyar."

Leshin bai ƙara fitowa daga akwati ba har muka dawo. Na san abin da hakan ya ci mata, domin tun da idonta ya buɗe ba ta sa shi ba, kuma na gan ta a gida sau da yawa tana ciro shi tana kai shi bakin taga don ta ga launinsa a rana.

Bayan magariba Malam ya ƙwanƙwasa. Yana cikin babbar rigar, da 'yar ciki da wando na yadi ɗaya, da hula ƙube, amma kwat ɗin yana rataye a hannunsa.

"Gwaggo, har yanzu ina ganin ko dai..."

"Ajiye wannan. Matso." Ta kama hannayen rigar ta naɗa masa su a kafaɗa, ta daidaita aikin a ƙirji, ta ɗan tura hular gaba. "Kada ka sake su sai ka gama shan miya. Kuma ka daina tafiya kamar wanda ya zo ba da haƙuri. Gayyatarka aka yi."

Muka hau matakala, ita a gaba. Shaddar tata mai duhu ce kamar rinin Kano, ba ado a jikinta, amma ɗaurin ɗankwalin ya zauna daram, gyalen ya sauko daidai. A ƙofa shugaban masu hidima yana tsaye da baƙin kwat. Na ji numfashin Malam ya canja a bayana. Mutumin ya dube mu, ya dafa ƙirji, ya ce, "Ahlan, ya Sheikh," ya wuce gaba da kansa ya kai mu teburinmu. Shi ke nan abin da ya faru a ƙofar da Malam ya kwana bakwai yana tunani.

Ɗakin ya cika da baƙaƙen kwat da dogayen riguna. Wasu matan sun sha duwatsu, wasu kuma ka ga alamar rigar ta daɗe a akwati. Amaryar ta shigo bayanmu cikin shuɗiyar rigarta, tana riƙe da hannun mijinta, idonta a ƙasa. Gwaggo ta nuna mata kujerar da ke fuskantar ɗakin, ita ta ɗauki wadda ta ba jama'a baya. Da kyaftin ya zo zagayen gaisuwa cikin fararen kayansa, ya fara da Gwaggo don girma. Ta amsa a taƙaice, sannan ta ce masa da Turanci yana da amarya a jirginsa, ko ya sani? Bai sani ba. Ya juya ya yi wa yarinyar barka, ya faɗa wa ɗakin gaba ɗaya, aka yi tafi. Can wajen kicin wata mata ta rangaɗa guɗa irin tasu. Amaryar ta rufe fuska da hannu tana dariya tana hawaye, kowa yana kallonta, kuma a cikin hasken fitilun ɗakin rigar da mahaifiyarta ta ɗinka mata ta fi ta kowa kyau. Malam ya sha miyarsa lafiya. Da masu kiɗa suka fara ɗaura kayansu, Gwaggo ta ce idonta yana son hutu, muka tashi gaba ɗaya ba wanda ya ji an tsarge shi.

Kwanakin da suka biyo baya mun sauka a garuruwa mun ga gine-ginen mutanen da, mun ga masu noman rake da 'yan mata masu wanki a bakin ruwa. Malam da angon suka saba, suna zama a sama suna muhawara a kan rabon gado, ɗaya ta fuskar fiƙihu ɗaya ta fuskar lissafi.

Ranar daren jallabiya kuwa tun da rana Malam ya ɓata rai. Masu sayar da kaya sun zo da ƙananan kwale-kwale suna jefo jallabiyoyi sama, Turawa suna cafewa suna gwadawa a kan gajeren wando suna ƙyalƙyala dariya. Wani ya ɗaura tawul ɗin wanka a ka. Wani ya zana gashin baki da kwalli. Malam ya sauko ɗakinmu ya ce shi ba zai fita ba, a kawo masa abinci ɗaki.

"In na sa jallabiyata, na zama ɗaya daga cikin masu wasan. In na sa babbar riga, su ce na fi kowa iya shigar wasa, har su ba ni kyauta. Kayan da nake salla da su ne, Gwaggo."

"Gaskiyarka," ta ce. "Kada ka sa su."

"To shi ya sa na ce zan zauna."

"Me aka ce ana yi yau? Ba kowa ya sa kayan da ba nasa ba? To kai wane kaya ne ba naka ba a cikin akwatinka?"

Ni na fara dariya, na toshe baki da mayafi. Shi ma ya yi ta ƙoƙarin riƙe fuska har ya kasa.

Haka ya fito cikin kwat ɗin ɗan Maraɗi. Mai kayan gajere ne, don haka hannun ya tsaya masa can sama da wuyan hannu, wandon kuma ya bar idon sawu a fili. Karabat ɗin ya gagare mu mu duka, sai angon aka kira ya ɗaura masa. Shi ma angon, ashe, abin yana cin sa. Ya gaya wa Malam mahaifinsa manomi ne a wani ƙauye, bai taɓa sa wani abu ba jallabiya ba, shi kuma ba ya son ya ga ana dariya da ita. Ya yi niyyar cewa ciwon kai yake yi. Da ya ga Malam a tsaye hannu a waje kamar ɗan makarantar da ya fi ƙarfin kayansa, sai ya zauna a bakin gado ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wallahi in haka ne shi ma zai fita, cikin nasa kwat ɗin.

Abin da ban sani ba shi ne Gwaggo ta yi nata shirin tun a Darrasa. Ta sa matar bawwab ɗinmu, mai gadin gidan, ta saya mata baƙar doguwar riga irin ta matan karkara da babban mayafinta, ta kuma zauna ta koya mata yadda ake yafa shi. Da ta fito daga bayan labule sai ka rantse daga wani ƙauyen bakin Nilu ta taso. Na ce, "Gwaggo, ke kuma kin shiga wasan?"

"Ni ba wasa nake yi ba. Ƙasar mutane na zo, sun gyara mini ido. In zan sa kayansu, zan sa su yadda masu su suke sawa." Ni kuma ta ce in zauna a atamfata, tunda ban tanadi komai ba, kuma ba dole.

A wurin cin abincin masu hidima suka yi ta zuwa suna gaishe ta, wani ya ce ta tuna masa da kakarsa. Mai tawul ɗin nan, wani tsohon Bature ne ja wur mai fara'a, teburinsa yana kusa da namu, tawul ɗin yana ta zamewa yana rufe masa ido. Malam ya kau da kai. Gwaggo kuwa ta yafito Baturen, ta tambaye shi ko yana so a ɗaura masa na gaske. Ya ce da ya ji daɗi. Ta roƙi angon, angon ya aika aka karɓo farin rawani wurin wani ma'aikacin jirgin, ya tsaya ya naɗa wa tsohon irin naɗin ƙauyensu, yana yi yana bayani. Tsohon ya daina dariya, ya tsaya cak kamar wanda ake yi wa aski. Da aka gama ya je ya dubi kansa a gilashin ƙofa, ya dawo ya tambayi angon sunan ƙauyen da abin da suke nomawa. Kafin a kawo shayi mutum huɗu sun yi layi a bayan kujerar angon da tawul a hannu.

A jirgin ƙasa muka dawo Alƙahira. Ba a yi sati ba sai ga amaryar da mahaifiyarta a Darrasa, sun hawo benenmu da faranti babba na ganyen inabi da aka cusa wa shinkafa. Uwar gajeruwa ce mai ƙiba, da allurai biyu soke a ƙirjin rigarta, ta manta ba ta cire ba. Ba ta jin Turanci, Gwaggo ba ta jin Larabcin kasuwa, ni kuma na shiga kicin dafa shayi na bar su ba tafinta. Da na fito na tarar da su a kan tabarma kusa da taga, uwar ta kama bakin zanen Gwaggo tana nuna mata wani irin ɗinkin kalmasa da hannu, Gwaggo ta duƙa da tabaranta tana bin allurar, tana cewa, "To, to, sake yi a hankali." Sun kai la'asar a haka. A watan da ya biyo baya likita ya sallame ta, muka raka ta filin jirgin sama ta koma Katsina.